ZUMUNCI A ƘAFA YAKE: GAISUWARMU BAYAN KORONA

Jawabin da aka gabatar a taron sada zumunci na bayan Salla, a Zangon Agege, Ikko

 

   

An umurce ni in yi magana a kan gaisuwa. Na san wani zai ce a ransa, gaisuwa kuma, har sai an yi mata jawabi? To, ai an yi wani lokaci a garin nan da mutum zai haɗu da amininsa na shekara talatin a bakin kasuwa, ya miƙa hannu, aminin ya ja da baya, ya kuma yi daidai. Wanda ya ga wannan lokaci ba zai raina maganar ba.

Bari mu tuna yadda abin ya zo, don yaran da ke zaune a baya can wasunsu a lokacin ana goye da su. A ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya, wani Bature ɗan ƙasar Italiya, kuma a nan Ikko ne. Ranar 29 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa ƙasa jawabi, ya rufe Ikko da Ogun da Abuja. Aka ce sati biyu, sai ga shi ya kai sati biyar. Da aka sassauta a ranar 4 ga Mayu, sai aka sa dokar hana fita daga ƙarfe takwas na dare zuwa shida na safe, aka wajabta takunkumin fuska, aka kuma hana tafiya daga jiha zuwa jiha in ba da abinci ko kayan masarufi ba. Wannan hani bai ɗage ba sai 1 ga Yuli.

Ku lura da kwanakin nan, jama'a. Azumi ya kama a 24 ga Afrilu, aka yi Ƙaramar Salla a 24 ga Mayu. Watau azumin nan gaba ɗayansa a cikin kulle muka yi shi: babu tafsiri, babu asham a masallaci, babu buɗa-baki na taro, babu filin idi. Babbar Salla ta zo a 31 ga Yuli, masallatan Ikko suna rufe har lokacin, sai Juma'ar 7 ga Agusta aka buɗe su, shi ma da sharaɗin rabin jama'a, da tazara a sahu, aka kuma shawarci dattawa su ci gaba da salla a gida. Liman da ya saba cewa a haɗa kafaɗa a toshe kafa, ya koma yana cewa a matsa, a bar fili.

Kowa a ƙasar nan ya sha wannan wahala, amma tamu ta mazauna kurmi daban take. Maƙwabcinka Bayarabe, in an kulle gari, an kulle shi ne tare da danginsa. Mu kuwa rabin jikinmu yana nan, rabi yana Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Zariya ko Haɗeja ko Maraɗi. A watan Afrilun nan ne aka yi ta mace-mace a Kano, manyan mutane, malamai, 'yan boko, attajirai, dattawan unguwa. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce binciken gwamnati ya ƙirga mamata 979, kuma ana jin rabi ko fiye da rabi korona ce sanadinsu. Mu muna nan, waya tana ta ƙara. Wane ya rasu. Wance ta rasu. Akwai mutane a zauren nan da aka binne mahaifinsu ba su ga gawarsa ba, ba su zauna zaman makoki ba, ba su riƙe hannun mahaifiyarsu sun ce Inna sai haƙuri ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Kuma kada mu manta da samarinmu da aka riƙa kamawa a cikin manyan motoci, a ɓoye tsakanin shanu da buhuna, suna neman shigowa ko komawa gida. Dokar an taka ta, gaskiya ne, yunwa kuma ita ta tura su. Amma abin ya jawo mana kallon banza a unguwanni, har ya zama in Bahaushe ya yi tari a mota sai a matsa. Shi ma wannan rashin gaisuwa ne, irin wanda ya fi na hannu ciwo.

To, Allah mai iko, abin ya wuce. Allurar rigakafi ta iso Abuja a 2 ga Maris, 2021. A watan Oktoba na shekarar aka cire alamun tazara a Masallacin Ka'aba, sahu ya haɗe. Hajji da aka yi shekara biyu, 2020 da 2021, babu mahajjaci ko ɗaya daga Nijeriya, aka buɗe ta ga mutanen waje a 2022. Ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta fita daga matsayin larurar gaggawa ta duniya. Ba cewa ta yi cutar ta ƙare ba, a'a, tana nan cikin cututtuka, amma kulle ya tafi.

Wanda ya je tarbar alhazai a 2022 ya ga abin da ba a saba gani ba. Dattijo mai furfura ya rungume ɗan'uwansa yana hawaye a gaban jama'a. Kun san mu Hausawa ba mutanen runguma ba ne can-can. Kunya ta yi mana yawa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, balle ta rungume shi a tsakar gida. Ɗa ya shekara uku a kurmi, ya dawo, iyakarsa ya cire takalmi a ƙofar ɗaki ya durƙusa, uwar ta kau da kai ta ce, "An zo lafiya? Ya hanya?" Zuciyarta kamar ta fashe don murna, amma sai ta huce a kan jika, ta ɗauke shi ta ce ga mijina ya zo. Tamu gaisuwar a baki take da gwiwa da hannu: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya baƙunta, ya muka ji da sanyi, a yi ta yi har sai an gaji. A miƙa hannu biyu ga babba, a mayar da hannu ƙirji. A yi wa sarki jinjina. Baƙi suna yi mana dariya, wai Bahaushe sai ya gaisa minti biyar kafin ya ce gidansa na cin wuta. Su ma ai suna da tasu: yaron Bayarabe yana kwanciya rub-da-ciki a gaban babba, yarinya ta zube gwiwa biyu, mun zauna da su mun gani, kuma abin sha'awa ne.

Malamanmu suna nan, in na karkace su daidaita. Musafaha sunna ce, kuma hadisi ya zo da albishir na gafarar zunubi ga Musulmi biyu da suka haɗu suka yi ta. Runguma kuwa malamai sun yi saɓani. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san an kawo cewa Imamu Malik ya karhanta ta, Sufyanu bin Uyaina kuma ya halatta. Hujjar masu halattawa ita ce Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya rungumi Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ranar da ya dawo daga Habasha, lokacin buɗe Haibara, bayan shekaru masu yawa ba su haɗu ba, kuma an ruwaito sahabbai suna yin haka in an dawo daga tafiya. Ina jin wannan fahimta ta Malikiyya tana cikin abin da ya sa ba mu saba da runguma ba, ta haɗu da kunyarmu ta gado. A nawa ganin, wanda ya dawo daga doguwar tafiya, ko ya tashi daga jinya, ko aka yi masa rashi, in ɗan'uwansa ya rungume shi bai yi abin kunya ba. Namiji da namiji, mace da mace, ko muharrami. Abin da samari da 'yan mata suke kwaikwayo a talabijin, wannan ba ya cikin maganarmu, kowa ya san hukuncinsa.

Haka kuma janye hannu saboda cuta ba baƙon abu ba ne a addini. Ya zo a Sahihu Muslim cewa a cikin tawagar Saƙifawa akwai mai kuturta, Manzon Allah ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma, ba tare da an haɗa hannu ba. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya ji labarin annoba, ya yi shawara, ya juya da jama'arsa. Saboda haka waɗanda suka ƙi ba da hannu a 2020 ba tsoron mutuwa ya fi ƙarfin imaninsu ba, kamar yadda wasu suka riƙa yi musu gori. In akwai wanda har yau yake riƙe da ɗan'uwansa a kan wannan, don Allah ya sake shi.

Yanzu ga abin da ya sa na karɓi wannan jawabi. An buɗe hanya, an buɗe masallaci, an buɗe kasuwa, amma akwai ƙofar da ba mu buɗe ba. Lokacin kulle mun koyi yin komai ta waya, don dole. Dolen ta tafi, ɗabi'ar ta zauna. Yau a yi rasuwa a Idi-Araba, mutum yana Agege, sai ya tura saƙon murya ta WhatsApp, Allah ya jiƙan rai, shi ke nan ya fita hakki. A yi haihuwa a Mile 12, ya tura hoton fure. A kwantar da dattijo a asibiti, a sa hotonsa a zauren waya, mutum ɗari su rubuta Allah ya ba da lafiya, a bakin gadon kuwa daga matarsa sai ƙaramin ɗansa. Da can fa, kafin a fito da gawa, an cika layi daga Obalende, daga Alaba Rago, har daga Shagamu da Abekuta da Sabon Badun. Iyayenmu da suka zo fataucin goro da shanu suka kafa zangon nan, me suke da shi? Ba su da gona a nan, ba su da gado a nan. Junansu kawai suke da shi. Baƙo ya sauka a tasha, a kai shi wurin mai gida, a ba shi masauki da abinci, a tsaya masa a ciniki, duk a kan gaisuwa da sanayya. In wannan igiya ta tsinke, wallahi ba mu da wata.

Na san uzurin da za a kawo, kuma uzuri ne na gaske. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, zuwa Arewa da iyali ya zama sai an yi tanadi na watanni. Ga tsoron hanya. Ga cunkoson Ikko da zai cinye wa mutum yini. Ban ce waya haramun ce ba. Tsohuwa a ƙauye ta ga fuskar jikanta a waya, ai rahama ce. Amma Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Wanda ya kasa zuwa Kano, me ya hana shi zuwa layi na uku? Akwai dattawa a zangon nan da tun da aka ce su zauna a gida a 2020 ba su sake komawa majalisa ba. Ƙafa ta mutu, abokan sun ragu, mu kuma mun saba da rashin ganinsu. Ku ƙirga su a ranku yanzu, kowa zai sami ɗaya ko biyu a layinsu. Iyayenmu mata, ku kun fi mu riƙon wannan, biki da suna da gaisuwar mara lafiya ba ku yar ba, Allah ya saka muku. Maza ne muka yi sanyi.

Sannan akwai bashin ta'aziyya. Wanda aka yi wa rashi a lokacin kulle, ka ce sai an buɗe hanya za ka je, aka buɗe, ba ka je ba, yanzu kunya ta hana ka. Ka je. Shekara nawa ne ma, ka je ka zauna a tabarmarsa, ka miƙa masa hannu, ka yi wa mamacin addu'a. Ba zai ce ka makara ba, ya san abin da ya faru.

Abu ɗaya kuma da korona ta koya mana kada mu zubar da shi. Likitoci sun tabbatar cutar ta fi yaɗuwa ta numfashi, musamman a ɗaki mai cunkoso wanda iska ba ta ratsawa, amma hannu shi ma yana ɗaukar cututtuka da dama. Ikko ta ga Ebola a 2014, ta ga kwalara a 2024, Kano ta sha fama da mashaƙo a 2023. Saboda haka bokiti da sabulun nan na ƙofar masallaci a mayar da su. A buɗe tagogi in an taru. Mai mura ko tari ya ɗora hannu a ƙirji ya ce a yi mini uzuri, kada kowa ya ji haushi. Mai zazzaɓi kada ya je barka ya ɗauki jariri, kada ya je ya zauna kusa da tsoho mai ciwon sukari ko hawan jini, ya bari ya warke tukuna, gaisuwar ba za ta gudu ba.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya, ranku ya daɗe, a sa masu unguwanni su rubuto sunayen dattawa da marasa lafiya da ba sa iya fitowa, a raba mu uku-uku ko huɗu-huɗu, kowace Juma'a bayan an sauko a bi gida biyu ko uku. Ba sai da kuɗi ba, goro biyar ya isa. A tafi da yara, su ga yadda ake cire takalmi, yadda ake durƙusawa, don da yawansu a nan aka haife su, gaisuwar Yarbanci ta fi zama a bakinsu. Wanda kuma zai tafi gida, ya sanar, a ba shi saƙon baki ya kai ƙafa da ƙafa kamar yadda ake yi da.

Kafin a rufe da addu'a, shugaban taro ya ba ni izini: kowa ya juya ya ba na kusa da shi hannu, maza a ɓangarensu, mata a nasu. Allah gafarta Malam, bismillah, a yi mana addu'a.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.