Kalmar "Casual": Daga Faɗuwa zuwa Sakin Jiki



Kalma ɗaya ta Turanci zan tattauna a kanta yau, wato casual. Ɗalibanmu sun fi saninta a wajen tufafi, kayan shan iska waɗanda ba na ofis ba, ko hira ta sakin jiki da ba a gindaya mata ƙa'ida ba. Sai dai a cikin ma'anoninta wannan ce 'yar auta.

Tushen kalmar Latin ne. A can cadere na nufin faɗuwa. Daga nan aka sami casus, abin da ya faɗo wa mutum ba zato ba tsammani, sannan casualis. Ta biyo ta Faransanci, ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14 da ma'anar abin da ya auku katsahan. Chance da accident da occasion duk 'yan gida ɗaya ne da ita, haka ma casualty, wadda ake faɗa wa sojan da ya faɗi a fagen fama, ake kuma kiran sashen gaggawa na asibiti da ita. Abin da ya zo babu shiri ba a yi masa ado, ba a kuma cika damuwa da shi ba. Ta haka ma'anar ta gangaro zuwa sakin jiki.

Amma akwai wata ma'ana da ta fi ci mini rai. A Ingila ta ƙarni na 19, casual sunan mutum ne. Haka ake kiran marar matsuguni da ke neman kwana ɗaya a gidan gajiyayyu, ya biya da fasa dutse da safe. Haka ake kiran leburan tashar jiragen ruwa ta Landan. Kullum da sassafe ɗaruruwan maza ke cincirindo a bakin ƙofa, helima ya fito ya nuna wanda ya ga dama, sauran su koma gida hannu rabbana. Wanda aka ɗauka ma, watakila aikin awa ɗaya ko biyu ne a sallame shi. Abincin iyalinsa ya dogara ga inda idon helima ya faɗa. A watan Agusta na 1889 leburorin tashar suka tsunduma yajin aiki, Ben Tillett da John Burns da Tom Mann na gaba, suna neman sisi a kowace awa, kuma kada a ɗauki mutum ƙasa da awa huɗu. Sisin nan dai shi ne wanda iyayenmu suka kashe a kasuwa. An amince a ba su sisinsu a watan Satumba, amma ɗaukar kullum-kullum bai kau daga tashoshin Birtaniya ba sai 1967.

Ma'anar tufafi kuwa ta yi ƙarfi ne a Amurka. A Hawai aka fara barin ma'aikata su sa rigar gida ranar Juma'a a shekarun 1960, kafin al'adar ta mamaye ofisoshi a shekarun 1990.

To, jama'a, mai albashi da ɗan ƙwadago kalma ɗaya suke furtawa, amma abin da kowa ke ji daban. A bankuna da masana'antu da kamfanonin mai na Najeriya akwai ma'aikatan wucin-gadi da ake kira casual, wasu sun yi shekara da shekaru babu takardar ɗauka, babu fansho, babu hutun ciwo. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce. Ina roƙon lauyoyi da 'yan ƙungiyar ƙwadago da ke zauren nan su sa wannan sashe a gaba, su kuma bayyana shi da Hausa ga waɗanda abin ya shafa.