Ɗan tartsatsi, babbar gobara

 

Ƴan uwana matasa, da yawa daga cikinmu a garaji da wurin masu walda muke neman na abinci, wasu kuma ƙannenmu ne ke koyon aikin. Shi ya sa na zaɓi mu yi maganar wuta.

Bara a unguwarmu, wani yaro ɗan koyo ya sa wutar yanka a jikin duro wanda aka taɓa zuba esansi. Mai gidansa ya ce ai babu komai ciki. Duron ya fashe, har yau hannun yaron bai koma daidai ba. To, me ya faru? Man ya ƙare amma tururinsa na nan, kuma tururin ne ke kamawa. Don haka duro ko tankin moto, a buɗe shi, a wanke shi sosai, a cika shi da ruwa kafin wuta ta taɓa shi. In kana shakka, ka bar aikin.

Tartsatsi na iya tashi har mita 10. Kafin ka fara, ka kawar da kwali, katifa, zana, tsumman mai da jarkar esansi, balle lokacin hunturu da komai ya bushe. Ka sa tufafin auduga, domin na leda narkewa yake a jikin fata. Tukunyar gaz ta tsaya a tsaye, a ɗaure, cikin inuwa. Kada giris ko mai ya taɓa bakin tukunyar oksijen. In kana zaton tiyo na yoyo, ka gwada da ruwan sabulu, kar ka kusanto da ashana.

Ka ajiye bokitin yashi da abin kashe gobara kusa da hannu. Wutar esansi da ta lantarki ba a watsa musu ruwa. In ta fi ƙarfinka, a fitar da mutane, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Sannan in an kira salla, kar a watse a bar wurin haka nan. A kashe inji, a rufe gaz, wani ya tsaya ya duba aƙalla minti 30, domin wuta kan ɓuya cikin tsumma ta tashi bayan kowa ya tafi.

Ranka da dukiyar maƙwabcinka amana ce. Ka yi tawakkali, amma ka fara da gyara wurin aikinka. Allah ya tsare mu.