Maƙwabciyar Mai Jinya

Yau maganarmu a kan gidan da yaro ke kwance ne, musamman mai ciwon sikila, wanda iyayenmu ke kira amosanin jini.

Mu ɗauki unguwannin da ke kewaye da kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai. Magidanta da yawa a nan leburori ne, wani a kamfanin fata, wani a na roba, kuma mai aikin yini ranar da bai je ba, babu kuɗin cefane. To in ciwo ya tashi wa yaro da tsakar dare, aka kwashe shi zuwa Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ko Murtala, ko na Malam Aminu Kano, uwa ce za ta shimfiɗa tabarma a gefen gado. Uba yana kai-kawo tsakanin wurin aiki da layin sayen magani. Gida kuma fa? Murhu ya huce, ƙananan yara na zaune jugum.

Wata za ta ce, "Ni da ba na fita, me zan iya?" Haba 'yar uwa! Ai ke ce kike gida. Ki aika a kawo miki yaran nan, ki yi musu wanka, su ci tare da naki, ki tura su makarantar allo. Wallahi wannan ya fi wa uwar kwanciyar hankali a kan dubiyar mutum 20 da za su cika ɗaki su tafi. Ki dama kunu ki zuba a fulas, maigida ko ɗanki ya miƙa mata, don mai jinya takan manta da cikinta. In kuna adashi tare, kuma ɗaukarki ce ta zo, ki bar mata wannan karon. Ba kyauta kika yi ba, musanya ce, amma ta zo a kan gaɓa.

Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓin cizon sauro suna tayar da sikila. Saboda haka rigar sanyin da ta yi wa ɗanki kaɗan, ko gidan sauron da kika ajiye a akwati, kayan taimako ne sosai, balle da hunturu. In likita ya ce sai an ƙara jini, ki yi wa maigida magana ya je a gwada nasa.

Sai harshe, kuma a nan muka fi yin ɓarna. A daina cewa ɗan wabi ne, ko mayu ne suka kama shi, ko daga dangin uwar aka kwaso. Sikila gado ce daga ɓangare biyu: in uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS. Kada kuma ki tura mata jiƙe-jiƙe ki ce ta bar maganin asibiti. In kin kira ta a waya tana kuka, ki ƙyale ta ta yi kukanta, sannan ki tambaye ta me za a dafa wa yara gobe.