Yadda Hasken Eksire Ke Samuwa a Na'urar Hoton Haƙori



Hasken da Rontgen ya gano a Jamus a 1895, da shi likita ke duba saiwar haƙori. Cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska akwai zaren ƙarfen tangistan. In ya yi zafi sai ya saki ƙwayoyin lantarki, ƙarfin bolt 60,000 zuwa 70,000 ya fizge su, su yi karo da farantin tangistan. Wajen kashi 99 cikin 100 na ƙarfin nan zafi yake zama, kashi 1 kaɗai ke zama eksire. Wannan ɗaya kuwa ido ba ya ganinsa, amma in ya yawaita yakan yi wa jiki lahani. Saboda haka lalle ne mai ɗaukar hoto ya ja da baya mita 2, kada kuma ya riƙe fim da hannunsa.