Yara Biyar a Zaure Ɗaya
(Jawabin da aka gabatar a taron ɗaliban Anka, Gummi da Bukkuyum)



Dukanmu mun san ajin da muka fito. Malami ɗaya, yara cunkushe har bakin taga. Ya tambaya, "Kun gane?" mu amsa baki ɗaya, "Mun gane!" Cikin wannan amsa yaron da bai gane ba yake ɓuya, har ya gama firamare bai iya karanta wasiƙar mahaifinsa ba.

Maganin abin kuwa yana gidajenmu. A makarantar zaure almajiri yakan ja baƙi gaban malam, malam ya fassara, ya gyara masa kuskure nan take, kuma ba a ƙara masa karatu sai ya kawo na jiya. Haka Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi tun wajen 1830: ta karantar da jajoji, su kuma suka kai ilmi ga matan ƙauyuka, watau 'Yan Taru.

Masana na zamani ma sun zo kan wannan hanya. A 1984 Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago a Amurka ya ba da rahoton cewa matsakaicin ɗalibin da aka keɓe aka koyar ya fi kashi 98 cikin 100 na 'yan babban aji. Binciken da ya biyo baya bai kai wannan adadi ba, amma ya tabbatar da amfanin. Dalilin a fili yake: cikin yara biyar kowa sai ya yi magana, mai jin kunya ya sami bakin tambaya, malami kuma ya fara daga inda yaro ya tsaya.

Ƙannenmu sun fi kowa bukatar wannan. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, kuma likitoci sun nuna dalma tana rage wa wanda ya tsira saurin fahimta. A watan Satumba na 2021 aka rufe makarantun Jihar Zamfara saboda satar ɗalibai. Yaron da irin wannan ta ja baya, babban aji ba zai jira shi ba.

Saboda haka muna roƙon kowane ɗayanmu, da yayyenmu ma'aikata, idan an je hutu ya nemi iznin iyaye da mai unguwa, ya ɗauki yara biyar. A haɗa su bisa abin da suka iya, kada a bi shekaru. Sa'a ɗaya bayan La'asar, karatu da lissafi, kowa ya karanta a ji. 'Yan'uwanmu mata su ɗauki 'yan mata a cikin gida. Da kuɗin talakawa aka karantar da mu, lalle ne mu fara biya.

Allah ya ba mu iko. Wassalamu alaikum.