Jawabi Ga Ma'aikata a Kafanchan Game da Jinkirin Kwamfuta Wajen Shiga



Sau da yawa ma'aikaci yakan rubuta sunansa da kalmar sirri, sa'an nan ya zauna jugum minti goma, masu neman takardunsu suna tsaye a ƙofa. Daga nan sai a ce na'ura ta tsufa, a nemi kuɗin sabuwa. Alhali kuwa galibi laifin yana ga asusun mutumin.

Ga yadda abin yake. A ofisoshi da yawa, jakar ajiyar kowane ma'aikaci tana zaune ne a babbar kwamfutar ofis. Idan an tsara asusunsa ya riƙa binsa daga wannan tebur zuwa wancan, Windows takan kwaso kayansa kafin ta buɗe. Ku mutanen wannan gari, da kuka zauna da mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927, kun san tarago mai nauyi ba ya saurin tashi.

Saboda haka ku yi abu uku. Na farko, wani ya shiga na'urar da nasa asusun. In ta buɗe nan da nan, to, lafiyarta lau. Na biyu, ku kwashe hotuna da bidiyo daga fuskar kwamfuta. Na uku, mai kula da na'urori ya duba adireshin jakar, domin in yana nuna babbar kwamfutar da aka daina amfani da ita, na'ura za ta yi ta jiran amsa.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuɗin gwamnati kuɗinku ne.