Hajiya Za Ta Ganin Jikoki

Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai ɗinkin hula ta ci gaba da ɗinkinta, aron kunne kawai nake nema.

Yau zancen ziyara za mu yi, irin wadda ake hawa jirgi. A yanzu da wuya ki sami unguwar da ba ta da ɗa ko 'ya a Ingila, ko Amurka, ko Saudiyya. Wani karatu ya kai shi, wani aikin asibiti, wata kuma aure. To, ran nan sai a ce Hajiya ta shirya, za ta je ganin jikoki, ko za ta je zaman jego. Gida ya ɗauki murna, maƙwabta su yi ta shigowa sallama. Abin da ba a cika ba mu labari ba shi ne yadda zaman yake kasancewa idan an isa.

Bari in ba ku labarin gwaggona, ta kuwa ba ni izini. Shekararta talatin da 'yan kai a ɗakinta a cikin birnin Kano, ba ta fita sai biki ko rasuwa ko asibiti, shi ma da dare ko da rakiya. Ban taɓa jin ta yi ƙorafin kaɗaici ba. Ina ma za ta same shi? Ga abokiyar zama, ga yaran maƙwabta, ga 'yan talla suna shigowa da ƙosai da dafaffiyar gyaɗa, ga mai kitso, ga tsohuwa dillaliya da ke kawo atamfa haɗe da labarin gari kaf. Ɗanta na fari yana aikin asibiti a wani gari a arewacin Ingila. Ya aiko mata da tikiti a watan Disamba na 2022, za ta yi wata uku. Sati uku ba su cika ba ta fara haɗa kaya.

Da ta dawo na ce, "Gwaggo, me ya faru, ko surukar ce?" Ta ce wallahi yarinyar nan ba ta rage ta da komai ba. Ta ce, "Ni dai sai da na je can na san abin da ake kira kulle." Ƙarfe bakwai na safe ɗan ya fita, matarsa ta fita, jikoki an kai su makaranta. A bar ta ita kaɗai da talabijin mai yaren da ba ta ji. Ba mai sallama, ba kiran salla, maƙwabci ko sunansa ba ta sani ba. Ga shi a watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk cikin awa huɗu. Ranar da ta kunna turaren wuta don ta ji ƙamshin gida, na'urar gano hayaki ta ɗauki ƙara har ta zaci gobara ce. Muna dariya tana ba mu labari, amma ita a ranar kuka ta yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne, ba ta faɗa wa ɗan nata komai ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira, balle ta zaunar da shi ta ce, ka ga ni fa na gaji. Shi kuma yana ganin ta yi shiru ya ɗauka hutawa take. Alkunya abu ne mai kyau, da ita aka raine mu, amma a nan ta ci kuɗin tikiti, ta kuma bar wa yaron zargin kansa da har yau bai gama fita ba.

Saboda haka iyayena, kafin a sayi tikiti a yi magana. In ba za ki iya da kanki ba, ki sa ƙanwarki ko ƙaninsa ya tambayar miki. Yaushe zai sami hutu? Ma'aikaci a Ingila doka ta ba shi kwana 28 a shekara, kuma yawanci har da ranakun hutun gwamnati a ciki. A Amurka ma babu dokar tarayya da ta tilasta a ba shi hutu da albashi. Ranar Salla kuwa ranar aiki ce a ƙasashen nan biyu, sai in mutum ya nemi izini. Kenan ɗan da ya sauko daga idi ya wuce aiki ba raina ki ya yi ba. Idan jikoki ne kika je dominsu, dogon hutunsu a Ingila daga ƙarshen Yuli ne zuwa farkon Satumba, ga rana mai tsawo, ga sauƙin sanyi. A ganina sati huɗu a wannan lokaci sun fi wata uku a cikin hunturu albarka. Ki kuma tambaya ko akwai masallaci kusa, ko akwai wasu matan Hausawa da za a riƙa kai ki wurinsu, ko da sau ɗaya a sati.

Sai 'yan abubuwan da ke jawo asara. Bizar ziyara ta Ingila ba ta wuce wata shida a zuwa ɗaya, kuma wadda ta zarce tana iya rasa damar komawa. Kada ki ce bari in ƙara kaɗan yaro ya yi wayo. Maganin hawan jini ko na suga ki ɗauki wanda zai kai ki har dawowa, tare da takardar likita. Ki sa ɗanki ya yi miki inshorar lafiya, domin tun 2015 baƙon da aka kwantar a asibitin gwamnati a Ingila ana cajinsa kuɗin aikin da ƙarin rabinsa a kai. Kilishi da dambun nama da man shanu kuma, na san zuciya ba ta so, amma ki bar su a gida. Ingila ba ta yarda a shigo da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu, Amurka ma tana ƙwace nama, kuma duk abincin da ke jakarki sai kin bayyana shi. Kuka da kuɓewa da daddawa, ki tambayi masu gidan tukuna.

Akwai kuma maganar da ba a son yi. Gidan ɗanki ba ɗakinki ba ne. A nan ke ce uwar gida, a can akwai mai gidan, ita ce surukarki. Za ki ga ɗanki yana wanke kwanuka ko yana canza wa jariri ƙunzugu. Kada gabanki ya faɗi ki ce an mallake shi. Babu 'yar aiki, babu ƙanwar miji, babu yaran maƙwabta da za a aika, in bai taimaka ba wa zai yi? Jikoki kuma wataƙila Hausarsu ta karye, su gaishe ki a tsaye. Kafin ki yi faɗa ki ja su a jiki, ki yi musu gatanan gatananku, ki koya musu murza fura. Yaro ba ya manta kakar da ta ba shi dariya.

Ku kuma 'ya'yanmu da ke can, na san wasunku na jin shirin nan ta intanet. In kun zo gida hutu, sati biyun nan kada ya ƙare a gaishe-gaishen abokai da bikin wane da ɗaurin auren wance, mahaifiya tana ganinku da dare kawai kuna gyangyaɗi. Ta yi shekara tana ƙirga kwanaki. Ku ware mata yini guda cur, ku zauna a tabarmarta, ku ci tuwonta, ku ajiye waya.

Gwaggo dai ta ce za ta koma, amma da damina, kuma wata ɗaya tak. Wannan karon ni aka wakilta in yi wa yayan nawa bayani, na kuwa yi.

Lokaci ya cimma mana. Wadda ta taɓa yin irin wannan tafiya ta sa a rubuto mana yadda ta kaya, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.